Yaranmu sun gama karatun injiniya suna zaune a gida: yaya za mu tsara musu jagoranci?

Abu Maryam, Makka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masana, musamman injiniyoyinmu da ke aiki a kamfanonin gini da masana'antu a nan Saudiyya.

A unguwanninmu na Makka da Jidda yanzu akwai yara da dama, maza da mata, da suka gama digirin injiniya. Wasu a Ummul Ƙura suka yi, wasu a Jami'ar Sarki Abdul'aziz, wasu kuma iyayensu sun tura su Sudan ko Masar ko Najeriya sun karanto sun dawo. Akwai 'yan ƙasa a cikinsu, akwai baƙi masu igama, wato takardar izinin zama. Mafi yawa ɓangaren gine-gine ne da lantarki, sai kaɗan na kanikanci. Duk inda suka kai takarda tambayar ɗaya ce: ina ƙwarewarka ta aiki? Yaro kuwa ba zai samu ƙwarewa ba sai an ɗauke shi. Haka shekara take zagayowa yana gida, abin da ya karanta yana zubewa, wasu har sun fara jan mota don kada su zauna haka nan.

Dattawan unguwa sun ga ya dace a haɗa kowane yaro da babban injiniya daga cikin namu, ya riƙe hannunsa har ya tsaya da ƙafarsa. An samu waɗanda suka amsa za su yi saboda Allah. To amma mu ba masu sana'ar ba ne, ba mu san yadda ake tsara abin ba. Idan sun zauna, me za su yi? Sau nawa za su riƙa haɗuwa, kuma wata nawa? Yara nawa mutum ɗaya zai iya riƙewa? Ta yaya za mu gane abin yana amfani, ba hira kawai ake sha ba? Allah ya saka da alheri.

Injiniya Abu Hamza, Jidda

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya biya ku da wannan niyya.

Abu na farko da zan roƙa: kada a mai da zaman ya zama wa'azi. Yaran nan sun sha lacca shekara biyar. Abin da ba su taɓa samu ba shi ne su yi aiki irin na gaske da hannunsu, wani wanda ya san aikin ya karɓa ya bi shi da jan biro, ya mayar musu su sake. Jagorancin ke nan. Duk zaman da aka tashi ba a gyara wata takarda da yaron ya yi ba, a ƙirga shi a zumunci.

Tsarin da ke tafiya shi ne wata shida, zama ɗaya a mako, awa ɗaya da rabi, a tsayar da rana guda kamar safiyar Asabar. Jagora ɗaya kada ya wuce yara biyu. Mutumin da yake filin aiki tun bayan asuba har yamma ba zai iya karanta aikin mutum biyar da idon basira ba, zai riƙa cewa "ya yi kyau" ne don ya huta. A kowane zama a bayar da aiki ɗaya, yaron ya turo shi kwana biyu kafin zama na gaba, domin jagora ya zo da gyara a hannu.

Ga yadda zan raba wa ɗan ɓangaren gine-gine.

Wata na farko da na biyu, karatun zane da fitar da adadin kaya. A ba shi cikakken zanen ƙaramin gida mai hawa biyu, na fasali da na ƙarfe, ya fitar da kankare da rodi da bulo. Abin kamar wasa ne, amma nan ake gane wanda ya iya. Dekin mai mita 10 a mita 12, kauri santimita 20, kankarensa mita kubik 24 ne, wannan kowa zai faɗa. Sai a zo rodi. Nauyin mita ɗaya na rodi shi ne kaurinsa a milimita, a ninka shi da kansa, a raba da 162. Rodi mai 16 zai ba da kilo 1.58, mai 12 kuma kilo 0.89. Ginshiƙi mai rodi takwas na 16, tsayinsa mita 3.5, sabon injiniya zai lissafa mita 3.5 sau takwas ya tsaya. Ya manta haɗin da zai shiga hawa na gaba, wanda idan zanen ya ce sau 50 na kaurin rodin, santimita 80 ne a kan kowane sanda. Ya manta zoben da ke ɗaure ginshiƙin da lanƙwasar bakinsa. Ya kuma manta cewa rodi a tsawon mita 12 yake zuwa, saboda haka yadda aka yanka shi ne ke nuna yawan guntun da za a yi asara. Wanda ya iya rubuta jadawalin yanka da lanƙwasa rodi ba kuskure, ɗan kwangila zai riƙe shi, domin kuɗi yake tsare masa.

A cikin wannan zanen jagora ya nuna masa yadda ake kama saɓani: zanen fasali ya sa taga a inda zanen ƙarfe ya sa ginshiƙi, ko bututun ruwa zai ratsa ta cikin bim. Sai yaron ya rubuta takardar neman bayani zuwa ga injiniyan sa ido da Turanci, layi biyar ko shida: lambar zanen, wurin da matsalar take, abin da ya gani, da mafitar da yake ba da shawara. Ya rubuta irinta goma kafin wata biyun su cika.

Wata na uku da na huɗu, duba aiki. Kafin a zuba kankare me ake dubawa? Yawan rodi da kaurinsa da tazararsa, tsawon haɗi, tsabtar cikin katako, ƙarfin tokare, da biskit ɗin da ke ɗaga rodi don kankare ya rufe shi. Kankaren da aka zuba kai tsaye a kan ƙasa yana son rufin milimita 75. A Jidda wannan ba abin sakaci ba ne, ruwan ƙasa yana kusa kuma da gishiri, rodin da bai samu rufi ba tsatsa zai yi ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki. Idan motar kankare ta iso, ya karɓi takardarta ya ga lokacin da aka haɗa kankaren, yawancin ƙa'idojin aiki minti 90 suke bayarwa. Ya auna zafinsa, ya san iyakar da takardun aikin suka sa, galibi tsakanin digiri 32 da 35. Ya iya gwajin laushi: mazubin ƙarfe mai tsayin milimita 300, a cika shi hawa uku, kowane hawa a soka shi sau 25, a ɗaga a auna yadda ya zauna. Ya ga an cika kwalaben gwaji da za a fasa a kwana 7 da kwana 28. Sannan babbar jarrabawa: direba ko lebura zai jawo tiyo ya ƙara wa kankare ruwa don ya yi saurin gudu. Ƙarin ruwan nan ƙarfin ginin yake ci. Yaro ɗan shekara ashirin da huɗu zai ji nauyin hana mutumin da ya haife shi, to aikin jagora ne ya koya masa yadda ake cewa a'a cikin ladabi, a kuma rubuta a rahoton ranar.

Wata biyun ƙarshe ya zaɓi manhaja ɗaya ya zurfafa, bayan AutoCAD da Excel waɗanda dole ne. Mai son ofishin zane ya kama ETABS da SAFE, yana buɗe kundin ƙa'idar gini na Saudiyya, SBC 301 na nauyi da SBC 304 na kankare. Mai son tsara lokutan aiki ya kama Primavera P6. A ƙarshe duk abin da ya yi, da gyaran jan biron da wanda ya sake, a haɗa shi a fayil ɗaya. Wannan fayil shi ne amsarku, Baba, a kan yadda za ku gane ana aiki. Ku ce a kawo muku shi duk ƙarshen wata. Ko ba ku karanta lissafin ba, za ku ga ko yana ƙaruwa.

Ummu Rayyan, Riyad

Sannu da ƙoƙari Baba, sannu Injiniya. Ni ta ɓangaren ɗaukar ma'aikata zan yi magana, kuma ina ganin akwai abin da ya kamata ya riga duk wannan jadawalin, wato takardu. Yaro zai iya ƙwarewa a lissafin rodi, kamfani ya so shi, a zo rubuta kwantiragi a tarar ba shi da rajista. Kamfani ba ya jira.

Zama na farko kacokan a yi shi a kan rajista da Hukumar Injiniyoyi ta Saudiyya. Ba a aiki da sunan injiniya a ƙasar nan sai da ita, ga ɗan ƙasa da baƙo duka, kuma igamar da sana'arta injiniya ce ba a sabunta ta sai rajistar tana raye. Matakanta huɗu ne, ga sunayensu na Larabci daga ƙasa zuwa sama: muhandis, musharik, muhtarif, mustashar, kuma hawa daga wani zuwa wani yana bin shekarun aikin da aka tabbatar da takarda. Don haka tun ranar farko a koya wa yaro ya riƙa adana kwantiraginsa da shaidar aiki ta duk inda ya yi. Wanda ya karanto a waje, ya duba tun yanzu ko an buga wa shaidarsa hatiman da ake nema a ƙasar da ya yi karatu, ya kuma duba ko rubutun sunansa a fasfo da igama da shaidar digiri iri ɗaya ne. Wannan yana kama mutanenmu sosai: wuri ɗaya Muhammad, wani wurin Mohammed, wani wurin an sa sunan kaka, wani an cire. Gyaran yana cin watanni, gara a fara shi yau.

Na biyu, kada a haɗa 'yan ƙasa da masu igama a shawara ɗaya, hanyarsu ba ɗaya ba ce.

Ɗan ƙasa iska tana bayansa. Tun farkon 2021 aka wajabta wa kamfanoni masu injiniya biyar zuwa sama su sa kashi 20 cikin ɗari 'yan ƙasa, a Yulin 2024 aka ɗaga zuwa kashi 25, kuma ba a tsaya nan ba. Ya buɗe shafinsa a Jadarat, dandalin neman aiki na gwamnati, ya nemi shirin Tamhir na Hadaf, asusun gwamnati na horar da ma'aikata, wanda yake sa mai digiri a kamfani ya koyi aiki har wata shida ana ba shi riyal 3,000 a wata. To amma a nan jagora yake da babban aiki. Akwai kamfanonin da za su ɗauki yaro don cika kaso kawai, su ba shi tebur da kwamfuta, ba mai ba shi aiki. Albashi yana shiga, shekara uku ta wuce, bai taɓa karɓar ginshiƙi ɗaya ba. Ranar da ya nemi canjin wuri za a yi masa tambayar mai shekara uku, ya ba da amsar wanda ya fito jiya. Jagora ya riƙa tambayarsa duk mako: me ka sa wa hannu, me ka duba, wa ya gyara maka? Idan wata uku ya wuce amsar babu, a koya masa ya je wurin shugaban aikin ya nemi a tura shi fili, a rubuce.

Mai igama kuwa a gaya masa gaskiya, ƙofarsa ta fi ƙunci. Tun 2018 ba a kawo injiniya daga waje sai yana da shekara biyar ta aiki, kuma kowane gurbi da kamfani zai ba baƙo sai ya auna shi da kasonsa. Wanda ya tashi a nan a ƙarƙashin igamar mahaifinsa, ya buɗe shafin hukumar ya karanta sharuɗɗan da suka shafi irinsa a ranar da zai nema, ya tambaye su a rubuce, kada ya dogara da abin da wani ya yi shekarun baya. Kuma muddin igamarsa ta mai bin iyali ce, ba shi da izinin aiki sai an mayar da shi ƙarƙashin kamfani, kwantiragi ya fito a Qiwa, dandalin ma'aikatar ƙwadago. Ina jaddada wannan ne saboda masu kyakkyawar niyya sukan ce "zo ka riƙa bin mu fili kyauta ka koya". Idan masu bincike suka zo, tara ce a kan kamfanin da matsala a kan yaron. Idan kuma ya faɗo daga kan dekin, ba inshorar da ta san da shi. Wani lokacin shawarar da ta fi ita ce ya je inda zai samu aikin farko, ko Najeriya ko Nijar ko wata ƙasa, ya tara shekarunsa da shaidarsu, sannan ya dawo da ƙarfi. Iyaye ba sa son jin haka, amma ya fi zaman jira.

CV shafi ɗaya, da Turanci, da kwafin Larabci. A cire "mai ƙwazo, mai son aiki tare da jama'a", kowa haka yake rubutawa. A sa abin da aka yi da adadi: na fitar da kayan gida mai hawa biyu, kankare mita kubik kaza, rodi tan kaza.

Abu Maryam, Makka

Madalla, Allah ya yi muku albarka. 'Yata Ummu Rayyan, maganarki ta buɗe mana ido, don da yawa cikinmu mun ɗauka shiga fili kyauta ba laifi ba ne. To ga tambaya: idan mai igama ba zai shiga fili ba, wata na uku da na huɗu da Injiniya ya faɗa yaya zai yi su? Kuma 'yan lantarki da 'yan kanikanci fa, su me za a ba su?

Abu Usama, Yanbu

Baba, barka da wannan aiki. Bari in ɗauki lantarki, in kuma ɗan saɓa wa Yaya Abu Hamza a wuri ɗaya.

Wata shida yana da kyau, amma ni ba zan bar zaɓen fanni sai wata na biyar ba. A lantarki sai an zaɓa tun makon farko, domin hanyoyin sun rabu da nisa. Wayarin gine-gine daban, kula da injina a masana'antu irin na Yanbu da Jubail daban, tashoshin wuta da na'urorin kariyarsu daban, sarrafa injina da PLC, wato ƙaramar kwamfutar da ke tafiyar da inji, daban. Yaron da ya rubuta a CV cewa ya iya duka, mai intabiyu ya san bai iya ko ɗaya ba. Kuma a haɗa shi da jagoran da ke cikin fannin da ya zaɓa. Injiniyan masana'anta ba zai koya wa yaro zanen wutar otal yadda ya kamata ba, ko da kawunsa ne.

Ga mai son gine-gine, wanda nan ne guraben suka fi yawa a Makka da Jidda da Madina, aiki ɗaya ya isa ya cika wata huɗu: ya zana wutar gida mai hawa uku daga mitar wuta har soket na ƙarshe. Ya fara da jadawalin lodi, ɗaki bayan ɗaki, ya raba shi a kan layuka uku yadda ba wanda zai fi wani nauyi sosai. Ya san wutar ƙasar nan volt 230 da 400 ce a sababbin gine-gine, mai bugu 60 a daƙiƙa, kuma har yanzu akwai tsofaffin unguwanni masu 127 da 220. Wanda ya karanto a Sudan ko Masar ko Najeriya da bugu 50 ya saba, to ya kiyaye, domin gudun injin lantarki da zaɓen famfo da janareto duk suna canzawa.

Inda kusan kowane sabon injiniya yake faɗuwa shi ne zaɓen kaurin kebul. Zai buɗe jadawali ya ga kebul kaza yana ɗaukar amfiya 100, ya rubuta shi. Jadawalin nan an yi shi ne a kan zafin digiri 30. A rufin gida a Makka da rani, a lissafa da 50. Kebul mai rigar XLPE a digiri 50 ana ninka ƙarfinsa da 0.82, mai rigar PVC da 0.71. Idan kuma sakit uku daban-daban ne aka cusa a bututu ɗaya, a sake ninkawa da 0.70. Kebul ɗin amfiya 100 mai rigar XLPE ya koma 57. Idan an sa masa bireka, wato makunnin da ke katse wuta in ta yi yawa, ta 100, birekar ba za ta faɗi ba, kebul ɗin ne zai riƙa dahuwa a hankali har rigarsa ta bushe ta tsage. Bayan wannan ya lissafa raguwar wuta a kan tsawon layin, ya duba ko birekar za ta iya katse wutar gajeren haɗi a wurin da aka sa ta. Yana yi yana buɗe SBC 401 na lantarki, yana rubuta lambar sashen da ya dogara da shi a gefen kowane lissafi. Hasken ɗakuna ya yi shi a manhajar DIALux, zanen ya ɗora a Revit in ya samu.

Game da tambayarka ta fili, Baba, abubuwa da yawa ana koyonsu ba tare da an taka filin kamfani ba. Na'urar gwajin rigar waya da ta auna amfiya ba su fi ƙarfin a saya ko a ara ba. A gidan ɗaya daga cikinku, da jagora a tsaye, a kashe wuta daga babban allo, a kulle, a tabbatar da na'ura cewa ta mutu, a cire kayan da ke jone, sannan yaron ya gwada layukan da volt 500, ya ga ko juriyar rigar wayar ta haura megohm 1, ya cika takardar gwaji kamar yadda ake cikawa a wurin aiki. Wannan tsari na kashewa da kullewa da tabbatarwa shi ne abin da za a fara tambayarsa a kowace masana'anta. Kada a bar shi ya taɓa allo shi kaɗai, ko sau ɗaya.

Ɗan kanikanci a ƙasar nan, sanyaya gini da famfo da kashe gobara su ne kasuwa. A ba shi gidan nan dai ya lissafa zafin kowane ɗaki a manhajar HAP, ya zaɓi na'ura. Ya san tan ɗaya na sanyi BTU 12,000 ne a awa, kimanin kilowat 3.5. Ya kuma lura da takardar da ke manne a jikin na'urar: akwai ƙarfinta a digiri 35, akwai a digiri 46, na biyun ya fi ƙasa, kuma shi ne ya dace da ranin Makka da Madina. Wanda ya zaɓa da na farkon, mai gida zai kira shi a watan Yuli. Ya karanta SBC 501 na kanikanci da 701 na famfo da 801 na kashe gobara, ya zana bututun iska da na ruwa a kan zane ɗaya da na ɗan lantarki. In da hali ma a haɗa su uku, na gini da na wuta da na sanyi, a kan gida guda, su ga yadda bututun wani ke cin hanyar wani, su zauna su sasanta. Aikin gaske haka yake kullum.

Injiniya Ummu Sultan, Madina

Gaisuwa ga Baba da sauran manya. Abin da ke kashe irin wannan shiri nake so in taɓa, don yakan fara da zafi ya mutu a wata na biyu.

Yawanci yaro da iyayensa suna shiga ne da tunanin jagora zai sama masa aiki a kamfaninsa. Idan mako shida ya wuce ba a yi maganar aiki ba, sai ƙafa ta ɗauke. A faɗa a gaban iyaye tun ranar farko: ba a yi alkawarin aiki ba. Abin da aka yi alkawari shi ne gyara, da shaida ta gaskiya a ƙarshe. Kuma dattawa su taimaka, kada a matsa wa injiniya ya kai yaron da bai shirya ba don ana jin nauyin mahaifinsa. Lokacin gwaji a dokar aiki yana kaiwa kwana 180, cikinsa kamfani zai iya sallama. Idan aka kai mutum ɗaya ya kasa, maganar wannan jagoran ta daina tasiri a wurin, duk yaran da ke bayansa sun yi asara.

A sa doka mai sauƙi: wanda ya zo zama biyu a jere ba aiki a hannunsa ba uzuri, a ba wani gurbinsa. Jagoran da aiki ya sha kansa shi ma ya faɗa da wuri a canza, ba kunya. A lokacin Ramadan da aikin Hajji, musamman ga mutanen Makka da Madina, a tsara hutu tun farko.

Sai amanar takardu. Zanen kamfani ba na injiniya ba ne, kuma yawancin kwantiragi sun hana fitar da shi. Kada jagora ya tura wa yaro zanen aikin da ake yi ta WhatsApp. A yi amfani da zanen gidan wani daga cikin jama'a da izininsa, ko jagora ya zana na koyo.

'Yan mata kuma kada a yanke musu hukunci cewa sai koyarwa. Ofisoshin zane, lissafin kaya da farashi, tsara lokuta, Revit, duk suna ɗaukar mata, akwai kuma masu fita fili. A nema musu jagora mace in akwai, in babu a yi zaman ta intanet ko a gida da iyali a kusa.

A wata na ƙarshe a yi intabiyun gwaji sau biyu, kuma ba jagoran yaron zai yi ba, wani baƙon ido ne, minti 30, rabi da Turanci. Ya buɗe fayil ɗin ya nuna lamba ɗaya ya ce daga ina wannan ta fito.

Injiniya Abu Hamza, Jidda

Na karɓi gyaran Abu Usama, a zaɓi fanni tun farko, a gine-gine ma hakan ya fi.

Baba, game da mai igama da duba aiki: ziyara daban, aiki daban. Kamfanoni da yawa suna ba da izinin ziyara na yini ɗaya idan injiniyansu ya nema a rubuce daga shugaban aikin. Za a yi wa baƙo bayanin kariya a ƙofa, ya sa hular kwano da takalmin ƙarfe da riga mai ƙyalli, ya bi jagoransa yana kallo yana rubutu, ba ya ba da umarni, ba ya sa hannu a komai, ba ya ɗaukar hoto sai an yarda. A zaɓi ranakun da suka dace: ranar karɓar rodin fandisho, ranar zuba dekin, ranar cire katako. Da rani a tuna an hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, kuma yawancin zubin kankare da dare ake yi, sai a shirya da hakan. Idan ya dawo, kafin ya kwanta ya cika takardar neman duba aiki da rahoton yini kamar shi ne injiniyan wurin, ya turo. Ziyara huɗu irin wannan, da rahoto huɗu da aka gyara, sun isa wata biyun. Ku turo mana adadin yaran da fannin kowa da irin takardar zamansa, ba sunaye ba, mu ga jagora nawa ake bukata a kowane gari.